Gidanka ne, amma sai da izini: dokar tsoffin gidajen katako a Ingila

A ƙauyen Lavenham da ke yankin Suffolk a Ingila, gidajen da masu saƙar ulu suka gina tun ƙarni na 15 da na 16 suna nan tsaye, wasu sun karkace kamar za su faɗo kan mai wucewa. Ƙashin ginin katako ne, aka cike tsakani da saƙar tsumagu da yaɓen laka. A irin waɗannan ƙauyuka sau da yawa shago na gaban gida, maƙera kuma na jingine da shi ko tana bayan fili.

Dokar da ke kare su ita ce ta 1990 kan gine-ginen tarihi. Hukumar Historic England, mai kula da wuraren tarihi na Ingila, ke ba da shawara, ministan al'adu ya sa hannu, gini ya shiga rajista. Matakai uku ne: I, II* da II, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na mataki na II ne. Ginin da ya riga shekarar 1700, in dai bai sauya kama sosai ba, da wuya ya tsallake rajistar.

Da zarar ya shiga, mai gida ba shi da ikon rushewa ko yin gyaran da zai sauya kamanninsa na tarihi, ciki ko waje, sai da izinin ƙaramar hukuma. Neman izinin kyauta ne, kuma a ƙa'ida cikin mako 8 ake ba da amsa.

Maƙerar nan wuri ne da mutum kan iya yin tuntuɓe. Mutum ya sayi gida, ya ga wani ɗaki mai baƙin hayaƙi a gefe, murhu ya mutu shekaru aru-aru, sai ya ce bari ya mai da shi garejin mota. To, duk abin da ke manne da gidan, a idon doka gidan ne. Ginin da ke tsaye shi kaɗai a harabar ma, in yana nan tun kafin 1 ga Yuli 1948, galibi ya shiga, ko da takardar rajista ba ta ambace shi ba. Kayan aikin da ake iya ɗauka a tafi da su ba su cikin wannan, amma murhun da aka gina da bututun hayaƙinsa suna ciki.

Har kayan yaɓe ana dubawa. Siminti na riƙe danshi ya ruɓar da katako, shi ya sa jami'ai ke nacewa a kan farar ƙasa. A nan kam ina bayansu.

Yin aiki ba izini laifi ne da kan kai mutum kurkuku har shekara 2, ko tarar da ba ta da iyaka, kuma magini ma ba ya tsira da cewa sa shi aka yi. Laifin ba ya tsufa a wajen hukuma: in tsohon mai gida ya cire tagogin asali shekara 20 da suka wuce, wanda ya saya yau za a iya tilasta wa mayar da su da kuɗin aljihunsa.