Sarƙar keke mara tsatsa ma tana son mai

An daɗe ana cewa wanda ya sayi sarƙar keke mai hana tsatsa ya huta da zuba mai, kuma ba za ta tsufa ba. Ba laifin masu faɗa ba ne, don ƙyallinta yana ruɗar ido.

Yawancin irin wannan sarƙa ƙarfe ne da aka shafe da nikel ko tutiya. Shafin yana kare bayanta daga ruwa da danshi. Amma sarƙa daga ciki take cinyewa, inda 'yan ƙusoshinta ke gogayya, musamman idan yashi ya shiga babu mai. Sannu a hankali sai ta ƙara tsawo, ta fara cin haƙoran giya.

Kana iya aunawa da rula. A sabuwar sarƙa, tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, wato in ka ƙirga irin wannan tazara guda 24, inci 12 ke nan daidai. In ta zarce da 1/16 na inci, lokacin canji ya yi.

A ganina, ƙarin kuɗin sayen irin wannan sarƙa ya dace da keken da ke kwana a waje, ko ke yawo kusa da teku. Wanda ke kwana a inuwa, gogewa da mai sun ishe shi.

Don Allah a tura wa masu keke su ma su karanta.