Ƙwan salmon a matsayin koto

Ƙwan salmon koto ne da masu fatsa ke sa wa ƙugiya don kama kifayen tirawut da sitilhed, dangin salmon, a kogunan Arewacin Amurka, musamman jihohin gaɓar Tekun Pasifik, da Alaska, da yammacin Kanada, da yankin Manyan Tafkuna na iyakar Amurka da Kanada. Yana cikin koto mafi kamu da aka sani a waɗannan ruwaye, kuma wannan kamun ne ya sa wasu ƙasashe suka haramta shi tun ƙarni na 19.

Kifin da ake nema

Sitilhed da tirawut mai launin bakan gizo jinsi ɗaya ne, masana na kiransa Oncorhynchus mykiss. Bambancinsu a rayuwa yake: tirawut na zama a ruwan daɗi, sitilhed kuwa yakan gangara teku ya yi shekara ɗaya zuwa uku, sannan ya komo kogin da aka ƙyanƙyashe shi ya yi ƙwai. Salmon na Pasifik mutuwa yake yi bayan ya yi ƙwai sau ɗaya, amma sitilhed na iya komawa teku ya sake dawowa.

Dalilin kamunsa

Macen salmon kan tona gurbi a tsakuwar ƙasan kogi da jelarta, ta zuba ƙwai dubbai, ta rufe. Ba duka ke zama a gurbin ba. Ruwa na kwashe wasu, wata macen kuma ta zo ta tone gurbin 'yar'uwarta. Tirawut sai su jeru a bayan masu yin ƙwan suna tsintar abin da ruwa ya kawo. A kogunan Bristol Bay na Alaska, wannan ƙwai mai maiƙo da naman salmon da suka mutu su ne babban abincin da tirawut ke ƙiba da shi kafin hunturu. Saboda haka ƙwan da ke bakin ƙugiya ba baƙo ba ne ga kifin: ya san ƙanshinsa, ya san launinsa. Launin nan na ja da ruwan lemo daga ƙananan halittun teku masu ɓawo da salmon ke ci yake samuwa.

Tarihi

A Birtaniya aka fi samun tsofaffin rubuce-rubuce kan wannan koto. Wajen tsakiyar ƙarni na 17, wani masunci kuma kuku mai suna Thomas Barker ya rubuta cewa bai taɓa samun koton tirawut da ya kai ƙwan salmon ba. Daga baya a kogunan Sikotlan, irin su Tweed, aka saba kirɓa ƙwan da gishiri ya zama kamar ƙulli, a adana a tulu har lokacin da ruwa ya ƙaru ya yi duhu. Ɓarnar ta fito ta fuska biyu. Mutum ɗaya na iya kwashe tirawut na gurbi guda a yini, kuma kasuwar ƙwan ta sa masu satar kifi suna kashe matan salmon daidai lokacin da suke shirin haihuwa. Dokar kamun salmon ta Ingila ta 1861 ta hana yin koto da ƙwan kifi, Sikotlan ma ta yi nata dokokin a shekarun da ke kusa. Dokar 1975 ta Ingila da Wales ta riƙe haramcin, har da saye da sayarwa da mallakar ƙwan salmon ko na tirawut don kamun kifi.

A yammacin Amurka labarin ya sha bamban. Masana'antun gwangwanin kifi da suka cika bakin Kogin Columbia tun daga shekarun 1860 nama suke so, ƙwan kuwa galibi shara ne, don haka ya wadata ga duk mai so. A farkon ƙarni na 20 aka soma sarrafa shi ana sayarwa a ƙananan kwalabe. Kamfanin Pautzke na jihar Washinton, wanda ke danganta farkonsa da 1934, har yau yana sayar da irin wannan ƙwai.

Manyan Tafkuna sun shigo daga baya. An kai tirawut ɗin Pasifik jihar Mishigan wajen 1876, amma sai a 1966 da 1967 aka zuba salmon nau'in koho da na cinuk a Tafkin Mishigan, don su rage wani ƙaramin kifi da ya mamaye tafkin. Da salmon ya soma hawa kogunan yankin, ƙwansa ya zama koton da masu neman sitilhed suka fi dogara da shi, daga Ontariyo har Kogin Salmon da ke Pulaski a jihar New York.

Sarrafawa

Ɗanyen ƙwai ba ya zama a ƙugiya kuma yana saurin lalacewa. Masunta kan zubar da jinin kifin nan take, su cire curin ƙwan da tantaninsa, su yanka gunduwa-gunduwa, su barbaɗa hodar boraks ko haɗin gishiri da sukari da rini. Kowa da nasa haɗin, da yawa ba sa faɗa wa kowa. Ƙwan da ya riga ya warwatse a cikin kifi ana ƙulle shi a ɗan ƙyallen raga, ƙullin ya kai girman kan yatsa. Akwai kuma ƙwai ɗaiɗai na kwalba da ake soke wa ƙaramar ƙugiya don tirawut.

Yadda ake jefawa

Ana jefa fatsa sama da inda kifin yake, a bar ruwa ya tafi da koton kusa da ƙasa da gudun da ƙwan gaske zai yi, da 'yar dalma ko da abin da ke yawo a saman ruwa. Akwai ƙulli na musamman a jikin ƙugiya da ke riƙe curin ƙwai.

Dokoki da saɓani

Kifi kan haɗiye koto ya yi zurfi, don haka wanda aka sake ya fi yiwuwar mutuwa idan da ƙwai aka kama shi. Wannan ya zama babban batu tun da gwamnatin Amurka ta soma sa wasu rukunonin sitilhed cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 1997. Koguna da yawa a Washinton, Alaska da Biritish Kolombiya sun hana koto kwata-kwata, ko a wasu watanni. A Oregon bincike ya nuna sinadarin sodiyam salfait da ke cikin wasu haɗe-haɗen sarrafawa na kashe 'ya'yan salmon da sitilhed da suka ci ƙwan, aka kuma rage adadin sinadarin daga 2011. Masu goyon baya na cewa girman ƙugiya da saurin jan fatsa su ne ke rage mutuwar. Masu adawa na cewa hani ya fi sauƙin tabbatarwa.

Inda aka hana koto, ana amfani da duwatsun roba ko curin zare masu kama da ƙwai. A Alaska doka ta ce dutsen da aka kafe a zaren fatsa kada ya wuce inci 2 daga ƙugiya.