Haɗakar layukan lantarki tsakanin ƙasashe: me ake nufi da ita?

Duk inda aka taso da zancen wutar rana da ta iska, da wuya a tashi ba a ambaci haɗakar layukan lantarki tsakanin ƙasashe ba. Abin da ake nufi shi ne a ja manyan wayoyi daga babban layin wata ƙasa zuwa na maƙwabciyarta, ko dai a kan turaku ko ta ƙarƙashin teku, ta yadda wuta za ta riƙa kai da komo. Ƙasar da ta sayar da safe tana iya zama mai saye da daddare.

Dalilin da ya sa ake ta wannan magana yanzu yana cikin halin lantarki kansa. Wutar da ake samarwa dole ta yi daidai da wadda ake sha a kowace daƙiƙa. In ɗaya ta rinjayi ɗaya, bugun layin, wato saurin juyawar wutar a cikin waya, wanda yake sau 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka, 60 a Amurka, sai ya karkace, na'urorin kariya su fara yanke tashoshi. Tashar gas ana iya ƙara mata ƙarfi ko a rage yadda ake so. Rana da iska kuwa ba sa jin umarnin kowa, shi ya sa ake kiransu makamashi mai hawa da sauka.

Amfanin faɗaɗa layi shi ne yanayi ba ya zama iri ɗaya ko'ina. Hadarin da ya rufe wata jiha ba ya rufe nahiya. Iska tana iya kwanciya a Tekun Arewa na Turai alhali tana kaɗawa a Sifen, kuma idan rana ta faɗi a gabas, da sauran haske a yamma. Gwargwadon faɗin yankin da aka haɗa, gwargwadon yadda rarar wani ke toshe giɓin wani.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Denmak da Norwe. Denmak tana samun fiye da rabin lantarkinta daga iska, Norwe kuma kusan duka nata daga madatsun ruwa yake. Ranar da iska ta yi ƙarfi, Denmak ta tura rara, Norwe ta rage sakin ruwa ta bar shi a dam. Ranar da iska ta ɗauke, sai a saki ruwan, wuta ta juyo kudu. Madatsun Norwe sun zama wa Denmak rumbu ke nan. Birtaniya ma ta bi sahu: layin North Sea Link mai tsawon kilomita 720 ya haɗa ta da Norwe a 2021, sai Viking Link zuwa Denmak a ƙarshen 2023, kowanne an gina shi ya ɗauki megawat 1,400. Irin waɗannan dogayen layuka ana yin su ne da fasahar HVDC, wato tura wuta mai ƙarfin gaske da ke gudana ta fuska ɗaya, wadda ke rage asara a doguwar tafiya, kuma tana haɗa layukan da bugunsu bai daidaita ba. Ita aka yi amfani da ita a layin Habasha zuwa Kenya, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wanda ya fara kai wuta a 2022.

A ganina, jan waya shi ne ɓangare mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne farashi da amana. Idan aka haɗa kasuwa mai arha da mai tsada, farashi yakan tashi a mai arhar. Mutanen kudancin Norwe sun ga haka bayan buɗe layukan Jamus da Birtaniya, har batun ya zama rigimar siyasa a ƙasar. Ga kuma fargabar kada wuta ta zama makami. Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, alhali mafi yawan lantarkin Nijar daga can yake zuwa. Estoniya da Latbiya da Lituweniya kuwa sun raba gari da layin Rasha a Fabrairun 2025, suka koma na Turai.

Haɗaka tana iya yaɗa matsala, tana kuma iya kawo ɗauki. Da wuta ta ɗauke a Sifen da Fotugal ranar 28 ga Afrilun 2025, layukan Faransa da Maroko na cikin abin da aka fara tayar da Sifen da shi, duk da cewa haɗinta da sauran Turai ƙarami ne ƙwarai. Tarayyar Turai tana son kowace ƙasa ta iya fitar da kashi 15 cikin ɗari na lantarkinta ta layukan ƙetare nan da 2030. Abin da ke jan ƙafa shi ne lokaci: gonar faifan rana ana gama ta cikin shekara ɗaya ko biyu, babban layi kuwa yakan ci shekara goma tsakanin neman izini, biyan diyyar filaye, da jayayya kan wanda zai ɗauki kuɗin aikin.