Waiwaye: Daga Baitulmalin Sarki Dikko Zuwa Asusun Haɗin Gwiwa

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta, kuma abin da ke ciki bai da wuyar fahimta. A riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe shugabannin da aka zaɓa, ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita kuwa kada a ba ta ko sisi. A garuruwa irin su Mashi da Bakori da Charanci da Ƙanƙara an ji labarin a rediyo, an tattauna shi a teburin mai shayi, aka yi ta cewa to, Allah Ya sa mu gani a ƙasa. Wanda ya yi wannan addu'a ba wasa yake ba, domin ba yau aka fara yi masa wannan alƙawari ba. Jihar Katsina kuwa wuri ne mai kyau na bin diddigin maganar, saboda kusan duk kwanar da ta sha, akwai hannun Katsina ko na Bakatsine a ciki.

Tushen abin Baitulmali ne. Bayan Turawa sun naɗa Muhammadu Dikko Sarkin Katsina a 1906, a nan ne jami'insu Richmond Palmer ya gwada tsarin da za a riƙa zuba kason sarauta na haraji a asusu guda, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, maimakon kowa ya ci abin da hannunsa ya kai. Zuwa 1911 tsarin ya zama na Arewa. Daga wannan asusu En'e, wato hukumar gargajiya ta Sarki, ta girma har ta zama ita ce gwamnatin da talaka ya sani. Ita ke da 'yan doka, ita ke da gidan yari da kotun alƙali, ita ke gina elemantare da ɗakin shan magani, ta haƙa rijiya, ta share hanyar mota kafin kakar gyaɗa da auduga.

Kuɗin nan kuma daga aljihun mutanen gari suke fitowa, shi ya sa ba wanda ya jahilci inda suke. Da kaka ta yi, malamin haraji zai zauna a zauren dagaci da littafinsa, mai unguwa ya bi gida-gida, a haɗa a kai wa hakimi, hakimi ya kai birni. Wanda ya biya a ba shi 'yar takarda, ya naɗe ta a cikin hula ko ya cusa a laya, don ana iya tare shi a kasuwar wani gari a ce ya nuna. Wanda bai da shi ya sayar da akuya, ko ya sayar da hatsin da iyali za su ci, ko ya yi ƙaura cikin dare. Bafulatani ya kora shanunsa daji ko ya tsallaka ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau, don gudun jangali. Masu cewa zamanin En'e zamanin adalci ne su tambayi tsofaffin da aka shanya a rana a ƙofar gidan dagaci. Zaluncin ya kai har a watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Balewa, wanda ba a san shi da tsaurin ra'ayi ba, ya miƙe a majalisar Arewa da ke Kaduna ya nemi a gyara tsarin, a watan da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Amma duk da haka akwai abu guda da ba a iya ƙwace wa mai biyan haraji: ya san da guminsa aka gina makarantar nan, kuma ya san ƙofar da zai je ya yi kuka, ko da za a kore shi.

Soja ne suka fara fige En'e. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, lardunan Katsina da Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya, aka shigar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya, gidajen yari suka koma hannun tarayya, kotuna suka koma hannun jiha. Sai babban gyaran 1976 a ƙarƙashin Obasanjo, wanda mataimakinsa Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, ya tsaya a kansa. Aka yi wa ƙasar tsari iri ɗaya, ƙananan hukumomi 301, aka kira su mataki na uku na gwamnati, aka ce suna da kaso a arzikin tarayya, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara. A watan Disamba na wannan shekara aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyya ba.

Shekara uku bayan nan aka yi abin da har gobe ake yabawa, kuma ya cancanci yabo, sai dai ba a cika faɗin abin da ya biyo bayansa ba. Balarabe Musa, gwamnan Kaduna na PRP, wanda Katsina ke ƙarƙashinsa a lokacin, ya soke haraji da jangali a 1979, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Talaka ya numfasa. Amma daga ranar, ƙaramar hukuma ta daina dogaro da mutanen garinta, ta ɗaga kai tana jiran abin da zai sauko daga kuɗin mai. Mutumin gari ya daina biya, sannu a hankali kuma ya daina tambaya. A Jamhuriya ta Biyu gaba ɗayanta ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba. Gwamnoni suka cika su da kwamitocin riƙo na 'yan jam'iyya, suka yi ta yanka sababbi don neman ƙuri'a, har Buhari ya zo a ƙarshen 1983 ya mayar da su 301. Ke nan kantoma ba baƙo ba ne, ya girmi yawancin masu zaɓe na yau.

Idan akwai lokacin da ciyaman ya taɓa zama ciyaman, to zamanin Babangida ne. Ya rushe ma'aikatun ƙananan hukumomi na jihohi, ya sa ana tura kuɗi kai tsaye, ya ɗaga kason daga 10 cikin 100 zuwa 15, daga baya 20. Tsofaffin ma'aikatan sakatariya suna yawan tuna wannan lokaci, lokacin da ƙaramar hukuma ke da katafilarta da tifa da motar haya mai sunanta a jiki. Ba na cewa ba a yi sata ba. An yi, amma ɓarawon ɗan gari ne, ana haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wurin jana'iza. A wannan zamani ne kuma aka cire Katsina daga Kaduna, ranar 23 ga Satumba, 1987, tana da ƙananan hukumomi 7: Katsina, Daura, Mani, Dutsin-Ma, Kankiya, Malumfashi da Funtuwa. Aka yi ta yankawa, zuwa 1996 da Abacha ya kai na ƙasa 774, Katsina ta tashi da 34. Kowane gari mai hakimi ya kafa kwamitin neman ƙaramar hukuma, aka yi karo-karo, aka yi ta sintiri zuwa Abuja, wanda ya samu aka yi kiɗa da hawan doki. Sakatariya ta zo ƙofar gida, ba sai an yi tafiyar yini ba kafin a sami takardar shaidar zama ɗan ƙasa.

Tsarin mulkin 1999 shi ne ya ba da hannun dama ya karɓe da hagu. Sashe na 7 ya ce dole a tafiyar da ƙananan hukumomi ta hanyar zaɓe, amma ya bar wa majalisar jiha tsara yadda za su kasance. Sashe na 162 ya ce kasonsu, wanda yanzu yake 20.60 cikin 100, a zuba shi a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Zaɓen kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke yi, wadda gwamna ke naɗa wa shugabanni. Duk wanda ya haɗa waɗannan uku ya san inda za a kwana.

Ga yadda abin yake a aikace. Kuɗi sun iso babban birnin jiha, sai a zauna taron rabo. A cire albashin malaman firamare, wanda shi ne kaso mafi tsoka, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire fansho, a cire na masarauta, a cire na horar da ma'aikata, sannan a cire na abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa ciyaman sai dai ya ga an kafa allon kwangila a garinsa. Wasu daga cikin cire-ciren nan suna da hujja, don malamai da kansu sun sha cewa ba su yarda a mayar da albashinsu hannun ciyamomi ba, sun tuna watannin da suka yi ba biya. Amma abin da ke saura bayan an gama ba ya wuce na albashi da man mota. Buhari da bakinsa, yana shugaban ƙasa, ya ba da misali a watan Disamba na 2022, cewa idan an turo miliyan 100, sai a ba ciyaman 50 ya sa hannu ya karɓi 100, shi ma ya yagi nasa ya raba saura. Mutanen gari kuwa ciyaman suke gani, shi suke zagi idan magudanar ruwa ta toshe. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ko da yake wannan kurar ita ma ba ta kwana da yunwa.

Shiga sakatariyar ƙaramin gari ranar Laraba a tsakiyar wata. Maigadi na kan benci a gindin darbejiya, ofis uku ko huɗu ne a buɗe, tsohuwar katafila ta nutse a ciyawa ba taya. Wanda za ka samu da tabbas shi ne mai ba da takardar zama ɗan ƙasa, don ita ce ke kawo 'yan canji. Ranar kasuwa ce kaɗai hukumar ke fitowa da ƙarfinta: yaro da ƙunshin rasit yana bin rumfa-rumfa, wani a bakin kara yana karɓar na kowace dabba, wani a tasha. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa aikin ƙaramar hukuma dalla-dalla, kasuwa da tasha da kwata da maƙabarta da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa da ƙananan hanyoyi. A yawancin garuruwanmu rabin wannan aiki ƙungiyar ci gaban gari ce ke yin sa. Ita ke bin 'yan gari mazauna Kano da Kaduna da Legas a tara kuɗin taransfoma, ita ke gyara burtsatse, ita ke kiran gayya a zagaye maƙabarta kafin damina, kuma a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, irin su Batsari da Faskari da Jibiya, mutanen gari sun daɗe suna ciyar da 'yan sintiri daga aljihunsu. Harajin da aka soke a 1979 ya dawo da sunan gudummawa, sai dai wannan karon ba ya shiga littafin hukuma, ba kuma wanda zai tuhumi hukuma a kansa.

Ta fuskar zaɓe ma Katsina ta ba da misalin da ya kai har Kotun Ƙoli. A 2015 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe shugabannin da aka zaɓa a ƙarƙashin PDP a zamanin Ibrahim Shema. Suka tafi kotu. Sai ranar 7 ga Mayu, 2021, Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa doka, tare da irinta ta Jihar Oyo, ta ce a biya su haƙƙoƙinsu, alhali wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa. Ba a sake zaɓe ba sai Afrilun 2022. Yaron da ya shiga aji ɗaya a firamare ranar da aka rushe su, ya gama aji shida garinsu bai da kansilan da aka zaɓa. Kuma kada wani ya ɗauka halin jam'iyya ɗaya ne, don waɗanda aka rushe ɗin ma a zaɓen da jam'iyyar gwamnansu ta shirya ta kuma lashe suka hau.

An yi ƙoƙarin gyara kafin 2024. A 2019 hukumar NFIU mai bin sawun hada-hadar kuɗi ta hana bankuna barin a taɓa asusun haɗin gwiwa kafin kuɗin su isa ga masu su, ta kuma taƙaita cire tsabar kuɗi zuwa naira 500,000 a rana. Gwamnoni suka kai ƙara, suka sha kaye a 2022, amma abin bai sauya zani ba. Majalisar tarayya ta amince da gyaran tsarin mulki na ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗi, aka aika wa majalisun jihohi, a farkon 2023 aka tarar bai sami jihohi 24 da ake buƙata ba.

Hukuncin 2024 ya zaburar da gwamnoni, amma ta ɓangaren da ya fi musu sauƙi. Tunda an ce ba kuɗi sai da zaɓe, sai aka yi ta zaɓe. A Jigawa APC ta cinye 27 cikin 27, a Kano NNPP ta cinye 44 cikin 44, a Bauchi PDP ta cinye 20 cikin 20, a Katsina kuma, a watan Fabrairu na 2025, APC ta kwashe kujeru 34 na ciyamomi da 361 na kansiloli. Maganar tura kuɗi kai tsaye kuwa ta maƙale a kwamiti da batun buɗe asusu a Babban Banki, har hukuncin ya shekara kuɗin suna bi ta tsohuwar hanya. Jihar Anambra ma doka ta yi, wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi mayar da wani kaso asusun da jiha ke kula da shi.

Ni a ganina, ko gobe aka fara zuba kuɗin a asusun ciyaman, an warware rabin matsala ne kawai. Mutumin da sunansa ya fito daga gidan gwamnati, ba daga akwatin mazaɓarsa ba, idan aka kira shi aka ce ya dawo da kaza, ba zai ce a'a ba, kuma ba sai an rubuta masa a takarda ba. Shi ya sa masu bin maganar suka koma kan hukumar zaɓe ta jiha, wasu na cewa a miƙa aikin ga INEC, wasu na cewa a kafa wata hukuma dabam. Kowanne aka zaɓa sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma sai ya bi ta majalisun jihohi 24, alhali mai sauƙin ma bai sami wannan adadi ba a 2023.