Mutum ɗaya, shigarwa biyu: gano maimaici a manhajar salsalar dangi

Ta yaya mutum ɗaya yake zama biyu a cikin manhaja?

Galibi daga haɗa fayiloli ne. Kana da naka, ɗan'uwanka ya turo maka nasa a tsarin GEDCOM, wanda cocin Mormon na Amurka ya fito da shi a 1984 domin manhajoji su riƙa musayar bayanan dangi. Da ka shigar da shi, kakan da kuka haɗa sai ya zama biyu, haka matarsa da 'ya'yansa, domin lambar da kowane fayil ya ba mutum a cikinsa kaɗai take aiki. Akwai kuma mantuwa: ka rubuta mace da sunan mahaifinta, bayan shekara ka sake rubuta ta da sunan mijinta.

Da me manhajar take gane su?

Tana gwada suna, jinsi, ranar haihuwa da ta rasuwa, wuri, da sunayen iyaye, sannan ta jero waɗanda suka yi kama. Manhajojin Gramps da RootsMagic duk suna da wannan aikin, dandalin intanet na FamilySearch kuma yana nuna wanda yake zaton maimaici ne a shafin mutum.

Wajen sunaye, manhajoji da yawa suna dogara da Soundex, dabarar da Robert Russell ya yi wa rajista a 1918. Ana barin harafin farko, a zubar da wasula da haruffan h, w da y, a mayar da sauran baƙaƙen lambobi uku bisa sautinsu. Da haka Smith da Smyth duk suke zama S530, abin da ake so ke nan. Amma Robert da Rupert ma duk R163 ne, alhali sunaye ne daban. Carter da Karter kuwa ba za su haɗu ba, tunda harafin farko ya bambanta. An gina dabarar ne kan sautin Turanci, don haka takan yi tuntuɓe da sunayen wasu harsuna.

To in ta nuna biyu sun yi kama, sai in haɗe su?

A'a, tsaya tukuna. Nan ne ake yin ɓarna mafi girma, kuma ita ce ta fi damuna. Uba da ɗa kan yi suna ɗaya. A tsofaffin rajistoci ana yawan samun yaro ya rasu yana ƙarami, a mayar wa ƙaninsa sunan: iyaye ɗaya, gari ɗaya, tazarar haihuwa shekara biyu. Manhaja za ta ce mutum ɗaya ne. In ka yarda, ka shafe yaron da ya rasu daga tarihin gidansu, wataƙila kuma wannan layin ne kaɗai shaidar cewa ya taɓa zuwa duniya. Maimaicin da ka bari zai jira ka har ka samo takarda, amma warware mutum biyu da aka cuɗe, da matansu da 'ya'yansu, aiki ne na kwanaki.

Daga ina zan fara?

Ka ajiye kwafin fayil ɗinka kafin ka taɓa komai. Sannan ka fara da iyaye, domin da sun haɗu, 'ya'yan da aka maimaita za su bayyana a jere ƙarƙashinsu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda ranaku biyu suka saɓa, ka riƙe duka tare da takardar da kowace ta fito daga ciki.