"Ni da ido nake koyo": amsoshi ga masu fara Larabci da girma

An ce kowa da irin koyonsa, wani da ido, wani da kunne. Ni wanne ne?

Duka biyun. Wani malami a Niyu Zilan, Neil Fleming, shi ya yaɗa wannan rabe-raben tun 1987. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka bi binciken da aka yi a kai, ba su samu gamsasshiyar hujjar cewa koyar da mutum ta hanyar da ya fi so tana ƙara masa ganewa ba. Darasin ne ke zaɓar hanya. Furucin haruffan ع da ح daga bakin malami ake ɗaukarsa. Jadawalin sarfu (yadda kalma ke sauya siga) kuwa sai ka gani, ka rubuta da hannunka.

Na haura shekara 40. Kaina zai ɗauka?

Zai ɗauka. Don Allah a daina fakewa da shekaru.

Da asuba ya fi, ko da dare?

Lokacin da babu barci a idonka, wayarka kuma tana wani ɗaki.

A gaban malam ina ganewa sarai, in na koma gida komai ya gudu. Daga ni ne, ko daga yadda nake karatu?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma ba wanda zai yanke maka hukunci daga nesa. Amma galibi abin da kake kira ganewa sabon ido ne kawai: ka ga shafin sau biyar, ya zama sananne, sai ka zaci ya zauna.

Ga gwaji. Ɗauki fi'ili madi (aikin da ya wuce) na "kataba", sigoginsa 14. Rufe littafi, ka rubuta su a farar takarda, sannan ka buɗe ka gwada, ka ja jan biro a duk inda ka kuskure. Kada ka leƙa a tsakiya, leƙe ɗaya ya ɓata gwajin. Gobe ka maimaita da "jalasa".

Yanzu dubi inda jan biron ya faɗa. In kuskuren a warwatse yake, yau nan gobe can, mai yiwuwa ƙarancin bita ne. In kullum wuri ɗaya ne, misali tasniya (sigar mutum biyu) ko jam'in mata, to ƙa'idar ce ba ta shiga ba, kuma maimaitawa sau ɗari ba za ta gyara ba. Koma wa malam da wannan gurbin kaɗai. In kuma ka daɗe kana haɗa baƙi da wasali kafin kalma ta fito, matsalar tana ƙasa da sarfu: karatun ne bai yi laushi ba, duk ƙarfinka yana ƙarewa a can. Wani lokaci ma abu biyu ne suka haɗu, ko gajiyar aiki ce zalla.

Ga mai ƙarancin bita: tuno darasin ba tare da dubawa ba washegari, sai bayan kwana 3, sai mako, sai wata. Lambobin ba wahayi ba ne, in ya kuɓuce maka ka matso da su. Zai yi maka wuya fiye da sake karantawa, kuma kada wannan ya karya maka gwiwa. A gwajin Roediger da Karpicke na 2006, masu maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti 5, amma bayan mako guda masu rufe takarda su gwada kansu ne suka yi gaba. Almajiri ma ba ya wanke allo sai ya kawo hadda.

Manhajar waya za ta wadatar?

Wajen bitar kalmomi tana taimakawa. Ba za ta zauna ta warware maka dalilin da ya sa ka yi kuskuren ɗora fataha a kan fa'ili (mai aikata aikin) ba.

Littafi nawa zan saya?

Ɗaya, wanda malaminka yake biyawa. Ka sauke shi tukuna.