Na'urar Daidaita Zafi a Injin Ƙyanƙyasar Gida: Lambar da Ke Allo Ba Ita Ce Zafin Ƙwai Ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon kaji da zabi.

A 'yan shekarun nan injin ƙyanƙyasar ƙwai na haɗin gida ya yawaita a unguwanninmu. Wani tsohon firij ya samu, wani babbar kula, wani kafinta ya buga masa akwati. Sai a sa fitila biyu da 'yar fanka a ciki, a maƙala wata 'yar na'ura mai jajayen lambobi a gaba. Mu malaman gona muna murna da wannan ƙoƙari, domin kazar gida ba ta wuce ƙwai goma zuwa sha biyu a kwanci ɗaya, zabuwa kuwa ba a dogara da kwancinta, shi ya sa tun kaka da kakanni kaza ake sa wa ƙwanta. Sai dai koken da muke yawan ji iri ɗaya ne: lambar zafi ta tsaya cak a digiri 37.5 har kwana ashirin da ɗaya, amma kaɗan ne suka fashe, sauran duk baragurbi. Wannan asara tana min ciwo, don sau da yawa kuɗin adashin mace ne ko jarin matashi ya tafi a ciki.

Na'urar da ta fi yawa a hannun mutane ita ce STC-1000, sai ƙaramar nan W1209 mai aiki da wutar batir ta bolt 12. Duk aikinsu guda. Akwai doguwar waya mai ɗan kai a bakinta, wadda masu gyara ke kira sansa, ita ke jin zafi. A cikin na'urar kuma akwai makunni mai kunna kansa. Zafi ya sauka, ka ji ƙas, fitila ta kama. Ya kai inda ka ce, ka ji ƙas, ta mutu. Iyakar abin da take yi ke nan. Ba ta haifar da zafi, ba ta haifar da sanyi, kuma ba ta san halin da ƙwai ke ciki ba. Zafin daidai wurin da kan sansa yake, shi kaɗai ta sani.

To a nan ne yawancin ƙwai ke lalacewa. Buɗe irin wannan akwati sai ka tarar da sansa tana reto a sama, taƙi ɗaya tsakaninta da fitila. Da fitila ta kama sai ta ji zafi nan take ta kashe, alhali ƙwan da ke ƙasa ko ɗumi bai gama yi ba. Wani kuma ya bar ta kwance a ƙasan akwati kusa da tiren ruwa ko bakin ƙofa, inda ya fi ko'ina sanyi, sai fitila ta yi ta ci har ƙwan tiren sama ya dahu. Wurin sansa shi ne tsakiyar tire, daidai tsayin saman ƙwai, ba ta taɓa ƙarfe, ba ta taɓa bango, hasken fitila kuma ba ya dukanta kai tsaye. A ɗaure ta da zare ko 'yar waya don kada ta goce lokacin juya ƙwai. Fanka kuwa kada a bi da ita ta makunnin na'urar. A ba ta wutarta daban ta yi ta juyawa dare da rana, ko fitila na ci ko ba ta ci, don ita ke gauraya iskar har zafin sama da na ƙasa su zo ɗaya.

Ko an sa sansa a wurinta, lambar kanta tana iya yin kuskure. Waɗannan na'urori masu araha sukan goce da rabin digiri ko digiri guda, ƙwai kuwa ba ya yafe digiri guda na tsawon mako uku. In zafi ya ɗan yi yawa, 'yan tsaki su fito da wuri, raunana, wasu cibiyarsu ba ta rufe ba. In ya yi ƙasa, su makara, wasu su mutu a cikin ɓawo. In kuwa ya haura 40 ya daɗe sa'o'i, a fara lissafin asara. Gwajin ba shi da tsada. Sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, irin wanda ake sa wa yaro a hammata, domin an yi shi ne don ya yi daidai a tsakanin digiri 35 da 42, nan ne kuma aikinmu yake. Zuba ruwa mai ɗumin jiki a kofi, ka tsoma kan ma'aunin tare da kan sansa, ka jira lamba ta natsu, ka kwatanta. In ma'aunin ya ce 37.0 na'urar ta ce 37.6, ka san tana ƙara 0.6, sai ka gyara mata. Maimaita sau biyu ko uku kafin ka yarda.

Ga mai STC-1000, saitin guda huɗu ne. Danna maɓallin S ka riƙe kamar daƙiƙa uku, F1 zai fito, shi ne zafin da kake so. F2 shi ne ratar da za ta bari zafi ya sauka kafin ta sake kunnawa, mafi ƙanƙanta 0.3. Idan ka sa F1 a 37.8, F2 a 0.3, fitila za ta kama a 37.5 ta mutu a 37.8, wannan kuwa ya yi wa akwati mai fanka. F3 jinkiri ne na ɓangaren sanyi, zan zo kansa. F4 nan ake gyara kuskuren da ka gano a kofin ruwa. Bayan ka gama, ka taɓa maɓallin kunnawa sau ɗaya don ta riƙe. Da yawa sukan saita su juya baya, na'urar ta koma kan tsohon saitinta ba su sani ba.

Maganar haɗa waya, don Allah a kira mai gyaran wuta. Akwai zane a jikin na'urar, a bi shi. A duba ko ta bolt 220 ce ko ta 12, domin STC-1000 tana zuwa iri-iri kuma kamarsu ɗaya. Ramukan da aka rubuta na zafi da na sanyi ba sa fitar da wuta da kansu, makunni ne kawai, sai an bi da wayar wuta ta cikinsu. An rubuta amfiya 10 a jikinta, amma kada a ɗora mata kaya har wuya. Babbar hita mai wat 2000 ba ta kai tsaye ba ce, sai an sa kwantakta, wato babban makunni mai ɗaukar wuta mai yawa, a tsakani. Dalili kuwa, makunnin nan yakan narke ya manne, in ya manne fitila ba za ta sake mutuwa ba, ko lamba ta kai nawa. Saboda haka na fi son a sa ƙananan fitilu biyu, kamar masu wat 40 ko 60 gwargwadon girman akwati, a kan babba ɗaya: in ɗaya ta ƙone da dare ɗayar ta riƙe ɗumi, in makunni ya manne kuma zafin ba zai yi tsalle kafin a farga ba. Fitilar ta zama tsohuwar nan mai zare a ciki. Ta LED haske take bayarwa, ɗuminta bai kai ya riƙe akwati ba.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram yakan wuce digiri 40. Idan ɗakin da injin yake ya fi 37.8 zafi, abin da na'urar za ta iya shi ne ta kashe fitila ta zuba ido, lamba na hawa. Ɗaki mai rufin kwano ba silin bai dace da inji ba a wannan lokaci. A nemi ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ko wanda ya fi ko'ina sanyi a gidan. A hunturu kuma matsalar bushewar iska ce, STC-1000 kuwa ba ta auna danshi ko kaɗan. Ga ƙwan kaza, ana son danshi kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe, lokacin da aka daina juya ƙwai aka daina buɗe ƙofa. In iska ta bushe, tantanin cikin ɓawo ya manne wa ɗan tsako, ka ga ya huda da baki yana kuka amma ya kasa fita. Ma'aunin danshi daban ake saya, kuma faɗin tiren ruwa ne ke ƙara danshi, ba zurfinsa ba. Ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake yi, na talotalo 28, na agwagwar gida mai jan fuska 35, kada a cakuɗa su tire ɗaya a sa ran fitowa rana ɗaya.

In aka ɗauke wuta, kada a buɗe ƙofa, a lulluɓe akwatin da bargo a bar ramukan iska. Wanda ke unguwar da wuta ba ta zama, ya haɗa nasa tun farko da kayan bolt 12 a kan batir da sola.

Na'urar nan tana amfani wajen ɗumama 'yan tsaki bayan sun fito: digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako, sansa kuma a tsayin bayansu, inda ba za su tsattsage ta ba. Amma ka kalli su kansu. In sun dunƙule ƙarƙashin fitila suna tsiyau-tsiyau, sanyi suke ji. In sun watse jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. A rataye fitila da waya ta ƙarfe nesa da ƙaiƙayi da kwali, don gobarar ɗakin kaji da dare ba ta tsayawa a ɗakin kaji. Wanda ya haɗa da kaskon gawayi kuma ya bar taga a buɗe, kada kowa ya kwana a ɗakin, hayaƙin gawayi yana kisa ba tare da wari ba.

Ta ɓangaren sanyi, masu sola sukan mai da firizar kwance ta zama firij da wannan na'ura, don tana riƙe sanyi kuma ba ta cin wuta sosai. A sa F1 a 4, F2 a 2, sansa a rataye a tsakiya ba jikin bango ba. F3 kada ya gaza minti 3, domin kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya firizar, in ta mutu tana buƙatar hutu kafin ta sake tashi, in ba haka ba tana iya ƙonewa. Mai ajiye rigakafin kaji a ciki ya sani digiri 2 zuwa 8 ake so, kuma irin mai mai-mai ɗin nan da ake yi da allura yana lalacewa in ya daskare. A sa kwalaben cikin roba a kwandon sama, nesa da bango, domin bangon firiza yakan yi ƙanƙara ko da allo na nuna 4.

Ko inji ne ko firiza, a kunna shi babu komai a ciki kwana ɗaya cur, a rubuta lambar da asuba, da azahar, da tsakar dare, in inji ne kuma a gwada kusurwoyin tire da ma'aunin kemis. Wanda ya ga bambancin ya wuce rabin digiri, ya kawo takardar wurin malamin gona na yankinsa a duba tare kafin ya zuba ƙwai.